Fashin Baƙi: Yadda Ƙwayoyin Kama Haske na Ido Suke Aiki, da Inda Tsarinsu Ya Samo Asali

Me ya sa mutumin da ya baro tsakar rana ya shiga zaure yakan tsaya cak, ba ya ganin ko wanda ke zaune a gabansa, sai daga baya siffofi su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya? Me ya sa kaji suke shigewa akurki tun kafin a kira magariba, alhali a lokacin ne mujiya da kyanwa suke fara harkarsu? Kuma da gaske ne, kamar yadda ake yawan ja-in-ja a kai a shafukan sada zumunta, cewa a baibai aka shimfiɗa tantanin da ke kama haske a idon mutum? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce ido kamar kyamara yake, kuma daga nan rashin fahimtar yake farawa, domin wannan kwatanci ya dace da gaban ido ne kaɗai, inda ake tattara haske. Abin da ke faruwa a can baya, inda haske yake rikiɗa ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa za ta karanta, ya saɓa wa kusan duk abin da mutum zai yi tsammani, kuma kowane saɓani a cikinsa yana da dalili.

Inda gani yake farawa

Tsawon ƙarnoni, masana da yawa sun ɗauka cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen shekarar 965 ya kuma yi mafi yawan aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujja ta hanyar gwaji cewa daga abin kallo haske yake tasowa ya shiga ido. Sai a 1604 Johannes Kepler ya bayyana cewa hoton yana sauka ne, a kife, a bangon baya na cikin ido. Wannan bango shi ake kira retina. Shimfiɗa ce da kaurinta bai wuce rabin milimita ba, kuma a haƙiƙa wani yanki ne na ƙwaƙwalwa da ya miƙo waje tun jariri yana ciki.

A cikin retina akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu kama haske, waɗanda aka raɗa wa suna bisa siffar kawunansu. Wasu dogaye ne sambal kamar sanda, wasu kuma suna da tsini kamar mazurari, saboda haka a nan za mu kira su sanduna da mazurarai. Idon mutum ɗaya yana ɗauke da sanduna tsakanin miliyan 90 zuwa 120, mazurarai kuwa ba su wuce miliyan 4.5 zuwa 6 ba. Tun a 1866 wani Bajamushe mai suna Max Schultze ya lura cewa idanun dabbobin dare, irin su mujiya da jemage, cike suke da sanduna, na dabbobin rana kuma, irin su ƙadangare da yawancin tsuntsaye, mazurarai ne suka yi rinjaye. Daga nan ya gano cewa sanduna na duhu ne, mazurarai kuma na haske da launi. Kaza tana cikin rukuni na biyu, shi ya sa da zarar almuru ta yi ganinta yake raunana.

Abin da haske yake yi idan ya isa

Kan kowace sanda cike yake da wasu fayafai ƙanana, kimanin 1,000, da aka jera bisa juna kamar faifan tuwo, kuma a jikin fayafan nan miliyoyin ƙwayoyin wani sinadari ne mai suna rodofsin. Franz Boll ne ya gano shi a 1876, lokacin da ya lura cewa retinar kwaɗo da aka ciro a duhu jaja-jaja take, amma da zarar haske ya same ta sai launin ya koɗe. Rodofsin haɗin abu biyu ne: wani furotin da ake kira ofsin, da wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna retinal da ke zaune a tsakiyarsa. A 1933 George Wald ya gano bitamin A a cikin retina, binciken da ya kai ga fahimtar cewa daga wannan bitamin jiki yake ƙera retinal, ya kuma kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1967.

A cikin duhu, retinal a lanƙwashe yake kamar hannun da aka tanƙwara a gwiwa. Idan ƙwayar haske guda, wato mafi ƙanƙantar ɗigon haske, ta faɗo masa sai ya miƙe, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan ba. Wannan miƙewa ita ce kaɗai aikin da haske yake yi a cikin gani baki ɗaya, duk abin da ya biyo baya aikin jiki ne. Miƙewar tana tilasta wa ofsin sauya siffa, shi kuma ya tayar da wasu furotin masu yawa da ake kira taransdusin, kowannensu ya tayar da wani sinadari mai narkarwa, wanda zai shiga lalata ɗimbin ƙwayoyin da ke riƙe da ƙofofin jikin sandar a buɗe. Tsarin ya yi kama da umarni ɗaya da ya fito daga fada ya isa ga masu unguwanni, kowane mai unguwa ya tura sanƙira, kafin wani lokaci gari ya ɗauka.

A nan ne abin mamaki na farko yake. Mutum zai zaci cewa haske ne ke kunna sanduna da mazurarai, alhali kashe su yake yi. A cikin duhu ƙofofinsu a buɗe suke, lantarki yana kwarara, suna ta zubo wani sinadarin saƙo mai suna gulutamet ga jijiyoyin da ke biye da su, kamar famfon da aka bari a buɗe. Haske yana rufe ƙofofin, zubar ta ragu, kuma wannan raguwar ita ce labarin da ake kai wa ƙwaƙwalwa. Ke nan lokacin da mutum yake kwance cikin baƙin duhu ne sandunan idonsa suka fi cin makamashi.

Tsadar wannan tsari ta biya kuɗin sabulu. A 1942, Selig Hecht da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Columbia ta Amurka sun nuna cewa mutumin da ya daɗe a duhu yana iya ganin walƙiyar da ƙwayoyin haske 5 zuwa 14 kacal retinarsa ta kama daga cikinta, kuma da yake sun warwatsu a kan ɗaruruwan sanduna, dole kowace sanda ƙwaya ɗaya ta samu. A 1979 Denis Baylor da Trevor Lamb da King-Wai Yau suka zuƙo sanda ɗaya ta kwaɗo a bakin siririn bututun gilashi, suka auna amsarta ga ƙwayar haske guda kai tsaye. Babu wani ma'aunin da zai wuce wannan, domin babu hasken da ya gaza ƙwaya ɗaya.

Rabon aiki tsakanin dare da rana

Tsananin kaifin sanduna shi ne rauninsu. Da rana tsaka ƙofofinsu sukan rufe gaba ɗaya, wani kaso na rodofsin ɗinsu ya koɗe, sai mazurarai su karɓi aikin. Wanda ya shiga zaure daga rana yana jiran abu biyu ne: mazuraransa su daidaita, wanda ke ɗaukar kamar minti goma, sannan sandunansa su sake ƙera rodofsin, wanda kan ci minti 20 zuwa 30 kafin ya kammala. Shi ya sa direban da fitilar wata mota ta dallare shi da dare yake shafe ɗan lokaci hanya ba ta fito masa sosai ba.

A tsakiyar retina akwai wani ɗan gurbi da babu sanda ko ɗaya a cibiyarsa, mazurarai ne zalla a cunkushe, kuma kusan kowannensu yana da layinsa na kansa zuwa ƙwaƙwalwa. Da wannan gurbi muke karatu, da shi muke zura zare a allura. Sanduna kuwa a gefe suka taru, kuma da yawa daga cikinsu suna tara saƙonsu a jijiya ɗaya, abin da ke ƙara musu ji da ƙaramin haske amma ya rage musu tantance daki-daki. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye zai iya gwada wannan: idan ka zuba wa dusasshen tauraro ido kai tsaye sai ya ɓace, idan ka ɗan kauda kai gefe sai ya dawo.

Launi kuma aikin kwatanci ne. Mazurarai iri uku muke da su, kowanne da nasa ofsin, kuma sun fi jin haske mai tsawon zango kusan nanomita 420 da 530 da 560 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), su ne ake kira na shuɗi da na kore da na ja. Mazurari ɗaya shi kaɗai bai san launi ba, yawan hasken da ya kama kawai yake faɗa, ƙwaƙwalwa ce ke auna bambancin amsar ukun ta fitar da ja ko kore ko shuɗi. Sanduna iri ɗaya ne, ba su da abokin kwatanci, saboda haka dare ba shi da launi. Ba sa kuma jin jan haske sosai, shi ya sa idan duhu ya fara shiga kasuwa tumatir da tattasai suke komawa baƙi-baƙi, alayyahun da ke kusa da su kuwa yana nan da ɗan haskensa. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera ofsin na ja da na kore suna maƙwabtaka ne a kan kuromosom X, wani ƙunshin gado wanda mace biyu gare ta, namiji kuwa guda ɗaya kawai gare shi, don haka makantar launi ta fi yawa a maza. Tana shafar kimanin 8 cikin 100 na mazan Arewacin Turai, adadin kuma bai kai haka ba a tsakanin 'yan Afirka.

Gaskiyar zancen baibai

Gaskiya ne cewa kawunan sanduna da mazurarai baya suke kallo, sun juya wa haske ƙeya. Kafin haske ya iso gare su sai ya ratsa jijiyoyin saƙo da na jini da ke shimfiɗe a gabansu, kuma da yake wayoyin suna gaba, dole su taru wuri ɗaya su huda retina su fita zuwa ƙwaƙwalwa. A wannan huda babu ƙwayar kama haske, makahon gurbi ne, kuma Bafaranshe Edme Mariotte ya bayyana shi tun a shekarun 1660. Mai karatu zai iya ganin nasa yanzu. Ka rufe idon hagu, ka miƙa hannayenka biyu da manyan yatsu a tsaye, ka kafa idon dama a kan yatsan hagu, sannan ka riƙa jan yatsan dama zuwa dama a hankali. Idan tazarar ta kai kamar taƙi ɗaya, kan yatsan zai ɓace, ya sake fitowa idan ka ƙara gaba.

Masu cewa wannan tsari naƙasu ne suna kafa hujja da oktofus, dabbar teku mai hannaye takwas, wadda ƙwayoyin idonta gaba suke kallo kuma ba ta da makahon gurbi. Masu kare tsarin kuma suna nuni da abin da ke bayan retina. Akwai wata baƙar shimfiɗa da kawunan ƙwayoyin suke nutse a cikinta, wadda ke sake lanƙwasa retinal ɗin da ya miƙe, tana haɗiye tsofaffin fayafai, tun da kowace sanda tana sabunta kanta cikin kwana goma ko makamancin haka, tana kuma kawo abinci daga jijiyoyin jinin da ke bayanta. Bugu da ƙari, a 2007 masu bincike a Jamus sun nuna cewa wasu dogayen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin Müller suna ratsa kaurin retina suna jagorantar haske zuwa ga masu kama shi.

A ganina ɓangarorin biyu sun tsaya a kan ribar tsarin ko hasararsa, sun bar tambayar da ta fi muhimmanci, wato ta yaya ya zama haka. Ana ganin amsar a cikin mahaifa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana farawa ne a matsayin bututu, kuma ƙwayoyin da ke jikinsa ciki suke fuskanta. Idan ido zai fito, sai bututun ya kumburo waje kamar balan-balan, sannan gabansa ya lotsa ciki ya zama ƙoƙo. Ƙwayoyin da tun asali cikin bututu suke kallo sai su wayi gari suna kallon baya. Idon oktofus daga fatar jiki yake lotsawa, shi ya sa nasa ya fuskanci gaba. Duk mai ƙashin baya, daga kifi zuwa mutum, wannan hanya ɗaya yake bi.

Daga ina tsarin ya faro

Da yawa daga cikinmu mun tashi muna kallon ido a matsayin babbar aya ta ikon Mahalicci, kuma malamai da masana suna da mabambantan ra'ayoyi game da juyin halitta. Abin da binciken kimiyya yake iya nunawa shi ne hanya da jerin matakai, tambayar wane ne ya tsara ba ta cikin abin da ake aunawa a ɗakin gwaji. Abin da ke biye shi ne yadda masana halittu suka karanta shaidun da ke hannunsu.

Ofsin ya girmi ido nesa ba kusa ba. Ana samunsa har a halittun ruwa marasa ƙwaƙwalwa, kuma ana ƙiyasta cewa asalinsa ya haura shekaru miliyan 600. Ƙwayoyin kama haske a duniyar dabbobi gida biyu ne. Na ƙwari da oktofus haske kunna su yake yi, namu kuwa kashe su yake yi, kuma an daɗe ana ɗauka cewa kowane gida da nasa masu shi. A 2004 Detlev Arendt da abokan aikinsa a Jamus suka binciki wata tsutsar teku, suka tarar idanunta irin na ƙwari ne, amma a cikin ƙwaƙwalwarta akwai ƙwayoyi irin namu, da ofsin irin namu. Wannan ya nuna cewa tsoffin halittu suna da gidajen biyu tare, kuma zuriyar masu ƙashin baya ta ɗauki na cikin ƙwaƙwalwa ne ta yi gani da shi, abin da ya yi daidai da yadda retina take tsirowa daga ƙwaƙwalwa. Ɗaya gidan ma bai ɓace mana ba. A 2002 aka tabbatar da cewa wasu 'yan tsirarun jijiyoyin retinarmu suna jin haske da kansu ta hanyar melanofsin, wanda dangin ofsin ɗin ƙwari ne, kuma aikinsu shi ne saita agogon barci da tsuke ƙofar baƙin ido.

Tsakanin sanda da mazurari, wanne ya riga wani? An daɗe ana zaton sanda ce, tun da ganin baƙi da fari ya yi kama da matakin farko. A 1992 masu bincike a Japan suka jera ofsin ɗin idon kaza suka kwatanta, sai ta bayyana cewa rodofsin reshe ne da ya tsiro daga baya a cikin dangin ofsin na mazurarai. Ganin rana da launi ne na asali, ganin dare ƙari ne. Lamfiri, wani kifi marar muƙamuƙi da zuriyarsa ta rabu da tamu kimanin shekaru miliyan 500 da suka wuce, ya ƙara wa wannan ƙarfi, domin a 2003 an samu ofsin iri biyar a idon wani nau'insa da ke ruwayen Ostareliya.

Wannan yana nufin cewa idon mutum ba shi ne ƙololuwar ganin launi ba. Tsuntsaye da ƙadangaru da kifaye da yawa suna da mazurarai iri huɗu, wasunsu har suna ganin hasken altirabayolet da ba ma gani. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa kakannin dabbobi masu shayarwa sun shafe miliyoyin shekaru suna rayuwar dare a zamanin dinoso, manyan dabbobin nan da suka ɓace, zamanin da ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, kuma a cikin wannan dogon dare suka rasa biyu daga cikin huɗun. Har yau kare da saniya da akuya da doki iri biyu gare su. Kare yana ganin shuɗi da rawaya, ja da kore ne suke rikice masa, kuma motsin ƙyalle ne ke harzuƙa bijimi, launinsa bai dame shi ba. Namu na uku ya samu ne kimanin shekaru miliyan 30 zuwa 40 da suka wuce, lokacin da ƙwayar gado ɗaya ta kwafi kanta a zuriyar birrai na Afirka da Asiya, kwafin kuma ya ɗan sauya. Shaidar tana nan a jikinmu: ofsin ɗin ja da na kore sun yi kama da juna da kusan kashi 96 cikin 100, suna kuma jere kafaɗa da kafaɗa, wanda shi ne ke sa su cakuɗe cikin sauƙi su haifar da makantar launi.

Abin da ya shafi lafiyar mutane

Bahaushe ya san dundumi tun kafin a san rodofsin. Yaron da ke wasa lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa lalube yana tuntuɓe da kwanuka, sau da yawa bitamin A ne ya yi masa ƙaranci, sandunansa suka rasa abin ƙera retinal. A wannan mataki abin yana warkewa sarai, amma idan aka bari yakan kai ga bushewar gaban ido da makanta ta dindindin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa kowace shekara ta wannan hanya. Hanta da ƙwai da manja da karas da zogale da mangwaro da gwanda duk suna samar da shi, kuma dalilin ke nan da ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A a baki, ake kuma ƙara shi a sukari da fulawa da man girki a Najeriya. Sai dai wanda jikinsa ya wadata ba zai ƙara kaifin gani da ƙarin bitamin ba, kuma yawan shan ƙwayarsa yana da haɗari ga mai juna biyu.

Ba kowane dundumi ne na abinci ba. Akwai na gado, wanda ke shafar kusan mutum 1 cikin 4,000, inda sanduna suke mutuwa a hankali, gani ya riƙa tsukewa daga gefe har mutum ya koma kamar mai leƙe ta bututu. A 2017 Amurka ta amince da maganin Luxturna, wanda ke shigar da lafiyayyar ƙwayar gado cikin ido, amma nau'i ɗaya tak yake yi wa aiki daga cikin nau'o'i masu yawa. Ya kamata kuma a bambanta waɗannan da yanar ido, wadda matsalar madubin ido ce kuma aiki yana gyara ta, da hawan jinin ido, wanda jijiyar gani yake lalatawa.

Game da wayar hannu, haskenta bai kai ƙarfin da zai ƙona retina ba, tasirinsa da aka fi tabbatarwa yana kan ƙwayoyin melanofsin ne, waɗanda suka fi jin shuɗin haske kuma suke iya jinkirta barci idan aka daɗe ana kallo da dare. Rana ce ke ƙonawa, musamman lokacin husufi, sa'ad da mutane suke zuba mata ido ba tare da jin zafi ba, domin retina ba ta da jijiyar jin ciwo. Hasken yana taruwa ne daidai kan gurbin tsakiya, kuma mazurarin da ya mutu a idon mutum ba ya sake tsirowa. Wasu ƙananan kifaye, irin wanda ake kira kifin zebra, suna iya maye gurbin nasu, domin ƙwayoyin Müller ɗinsu sukan koma kamar na ɗan tayi su haifi sababbin sanduna da mazurarai. Muna da waɗannan ƙwayoyi a idonmu, amma namu ba sa yin haka, kuma gano abin da ya hana su yana cikin manyan abubuwan da masu binciken ido suke aiki a kai yanzu.